"An Ce" Ba Labari Ba Ne

Jawabin da wani jami'in watsa labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi wa matasa masu sha'awar aikin jarida a unguwar Bagadaza, cikin garin Gombe

 

An nemi in yi magana a kan abin da ke sa rubutun jarida ya yi kyau, da kuma ladubban da suka wajaba a kan manemin labarai. A takardar gayyata an rubuta su kamar batu biyu ne, ɗaya na gwaninta, ɗaya na hali. To, ni dai shekarun da na yi ina fassara da tace labari sun nuna mini cewa batu ɗaya ne. Labari mai kyau shi ne wanda in mutum ya karanta zai gane abin da ya faru, ya san wanda ya faɗa, ya kuma san inda tabbas ya tsaya. Wanda ya iya rubuta irin wannan ya iya rubutu, kuma ya riƙe amana. Saboda haka zan haɗa su in yi magana a kansu gaba ɗaya.

Ya kamata mu fara da jaridar da ta share mana hanya. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Malam Abubakar Imam shi ne editanta, Dokta Rupert East kuwa, shugaban ofishin talifi, shi ke lura da sha'anin. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, jita-jita na cikin dalilan da suka sa aka kafa ta. A lokacin yaƙin duniya na biyu na ƙaratowa, magana ta bazu kasuwa-kasuwa wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don ta lallashi Hitila. Babu rediyo a gidan talaka, babu takardar da zai duba, sai abin da fatake da 'yan koli suka kawo a baki. Aka ga maganin wannan shi ne a sami takarda cikin harshen da jama'a ke ji, a sayar da ita kwabo ɗaya, sunanta kuma ya riƙa tuna wa mai saye cewa abin da ke ciki ya fi kuɗin da ya biya.

Ba na cewa Gaskiya ba ta da ubangida. Jaridar gwamnatin mulkin mallaka ce, kuma ta yi wa Ingila aiki lokacin yaƙi. Amma Malam Abubakar Imam ya yi abu biyu da har yau muke cin moriyarsu. Ya rubuta Hausar da za a karanta wa tsoho a zaure ya gane ba sai an sake yi masa bayani ba, sa'an nan ya buɗe wa masu karatu filin wasiƙu, suka riƙa rubuto ra'ayoyinsu da koke-kokensu daga larduna. Cikin shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta ƙara da ƙananan jaridun larduna, irin su Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Zumunta ta Lardin Bauci, wanda Gombe ke cikinsa a wancan zamani. Watau dai ku ba baƙin wannan sana'a ba ne, kakanninku sun karanta jarida tun kafin a sami mulkin kai.

Bambancin shi ne, a da kafin labari ya fita sai ya bi hannun wakili, da mai tacewa, da edita, da mai duba kurakurai a maɗaba'a. Yau kuwa duk wanda ke riƙe da wayar salula mai Facebook ko WhatsApp, shi ne wakilin, shi ne editan, shi ne maɗaba'ar. Aikin da mutum huɗu ke yi ya koma wuyan mutum ɗaya, kuma galibi ba wanda ya koya masa.

Wa ya ce?

Kalmomi biyu ne suka fi ɓata aikin jarida a ƙasarmu, su ne "an ce". An ce ruwa ya ci mutane a wuri kaza. An ce za a rushe kasuwa. An ce wane ya gudu da kuɗin ƙungiya. Duk sa'ad da kuka ga hannunku zai rubuta "an ce", ku dakata ku tambayi kanku, wa ya ce? Shi da ya faɗa, ya gani da idonsa ne, ko shi ma ji ya yi? In ji ya yi, daga wa? Kuma mene ne ribarsa in maganar ta bazu? In kuka bi sawun magana haka, sau da yawa za ku tarar kafin ku kai mutum na uku ta narke, kowa na cewa a wurin mai shayi ya ji.

Wannan ba ilmin Turawa ba ne. Malamanmu na hadisi sun yi ƙarni da ƙarni suna wannan aiki. Ba su karɓar magana sai sun san wanda ya ruwaito ta, da wanda ya gaya masa, har zuwa asali, sa'an nan su bincika ko mai ruwayar an san shi da gaskiya, ko yana da mantuwa, ko ma ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sun san haramcin shaidar zur yana cikin Dokoki Goma. Manemin labarai shaida ne, sai dai shi ba gaban alƙali ɗaya yake ba da shaidarsa ba, gaban dubban mutane ne, waɗanda ba su da halin yi masa tambaya.

Mutanen Gombe ba sa bukatar a je nesa a samo musu misali. Waɗanda suke garin nan ran 22 ga Disamba 2014, da bom ya tashi a tashar Dukku, da kuma ran 16 ga Yuli 2015, jajibirin ƙaramar salla, da ya tashi a babbar kasuwa, za su tuna yadda kowace waya ke da nata adadin, da yadda iyaye suka riƙa zarya tsakanin asibiti da gida. A irin wannan rana manemin labarai na ƙwarai ba ya tseren riga kowa faɗin lamba. Yakan je asibiti, ya je wurin 'yan sanda, ya je wurin ma'aikatan agaji, in lambobinsu sun saɓa ya kawo kowace da sunan mai ita, ya kuma faɗi ƙarfe nawa aka ba shi, domin adadin safe ba shi ne na yamma ba. Gani ya kori ji, amma ko abin da ka gani ma sai ka ƙirga.

Yadda ake ɗora labari

Mu Hausawa da tatsuniya aka yaye mu. Mai tatsuniya yakan fara da "ga ta nan ga ta nanku", ya ja mai sauraro a hankali, ya ɓoye abin da zai sami kura sai can dab da ƙurunƙus. Labarin jarida kishiyar wannan ne. Abin da ya sami kura shi ake fara faɗi. Dalili kuwa, mai karatu na iya tsayawa bayan layi uku, edita kuma in fili ya ƙure masa daga ƙasa yake datsewa. Don haka sakin layi na farko ya kamata ya amsa me ya faru, ga wa, a ina, yaushe. Yadda abin ya faru da dalilinsa sai su biyo baya.

Bari in ƙaga misali, ba wani abu ne da ya auku ba. A ce an yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda kuka sani yakan cika kwaruruwan garin nan ya ci gindin gidaje. Ga yadda yaro sabon shiga zai rubuto: "Wani mummunan al'amari mai ban tausayi da tayar da hankali ya afku a garin Gombe, inda aka ce ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya yi sanadin hasarar rayuka da dama da dukiya ta miliyoyin naira." Kun ji daɗinta a kunne. Amma me kuka ƙaru da shi? Ba ku san unguwar ba, ba ku san ranar ba, "da dama" ba lamba ba ce, miliyoyin nan kuma ba wanda ya ƙirga su. Mutumin Gombe da ke ci-rani a Legas in ya karanta wannan ba zai yi barci ba, don bai san ko gidansu ne ba.

Ga kuma yadda wanda ya taka ƙafa ya je wurin zai rubuto: "Ruwan sama da aka yi daren Talata ya yi gyara a unguwa kaza cikin garin Gombe, inda gida 7 suka lalace, yara 2 suka ji rauni, amma ba a rasa rai ba, in ji mai unguwar. Wakilinmu da ya zaga wurin da safiyar Laraba ya ƙirga gida 5 da suka faɗi, da 2 da katangarsu ta tsage." Babu "mummuna", babu "ban tausayi", amma tausayin ya fi kama mai karatu, domin ya ga gidajen. Kuma hukumar agaji in ta karanta ta san buhu nawa da kwano nawa za ta ɗora a mota.

Ra'ayinku kuwa yana da nasa wurin, watau filin sharhi, inda za ku sa sunanku ku ce ga abin da kuke gani. Amma kada a cusa shi cikin labari a ɓoye. "Ya ce" daban, "ya yi iƙirarin" daban, "ya amsa cewa" kuma daban. Ta farko ba ta ɗauki gefe ba, ta biyu tana nuna ba ku yarda da shi ba, ta uku kuwa ta riga ta ɗora masa laifi. In ba ku da hujja, ku tsaya a kan "ya ce".

Harshe

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne gonata. Yawancin labaran da ake karantawa da Hausa da Turanci aka fara rubuta su, sa'an nan aka juya. Mai fassara in ya yi gaggawa sai ya kwaso ginin jumlar Turanci ya yafa mata rigar Hausa. Shi ya sa kuke jin "biyo bayan" a inda Bahaushe zai ce "bayan", kuke kuma jin "a wani ci gaban kuma, mutum 10 sun mutu a haɗarin mota". Subhanallahi, wane ci gaba ne cikin mutuwar mutum 10? Abin da ake nufi shi ne "wani labarin kuma". Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, ka ɗauka kakarka ce ke saurare. Duk inda ka san za ta ce "me ka ce?", to, wurin bai gyaru ba.

Sai ƙa'idar rubutu, wadda matasa ke ɗauka ƙaƙale ne na malaman makaranta. Haruffan nan masu lanƙwasa da raba kalmomi ba ado ba ne. Ku dubi wannan kan labari: "Shugaban ƙungiya ya bata kudi". In "ya ba ta kuɗi" ake nufi, mutum ya yi alheri. In "ya ɓata kuɗi" ake nufi, an zarge shi da almubazzaranci ko abin da ya fi haka. Tsakanin yabo da ƙarar ɓata suna babu komai sai lanƙwasa ɗaya da ɗan fili tsakanin kalmomi. Haka "kafa" da "ƙafa", haka "kasa" da "ƙasa". Wayoyin yanzu suna da waɗannan haruffa, babu sauran uzuri.

Lambobi su ma suna da tarkonsu. Biliyan ɗaya miliyan 1,000 ne, wanda ya musanya su ya ninka kuɗi ko ya rage shi sau dubu. A labarin kasafin kuɗi kuma akwai matakai uku da ba a haɗa su: kuɗin da aka ware a takarda, kuɗin da aka saki daga baitulmali, da kuɗin da aka kashe a wurin aiki. In ka rubuta "an kashe" a inda "an ware" ya kamata, sai mutanen gari su je su ga babu hanya babu rijiya, su ce wane ya cinye, alhali mai yiwuwa ko kwabo bai fito ba. In kuma ka rubuta "an ware" alhali an riga an saki kuɗin, ka rufa wa mai laifi asiri. Haka farashi. "Wake ya yi tsada" ba labari ba ne. Wane irin wake, buhu ko mudu, a Tudun Hatsi ko a kasuwar ƙauye, ran wace kasuwa, nawa yake makon jiya? Manomi a Dukku ko Kumo yana iya ɗora amfanin gonarsa a mota saboda layi ɗaya da ka rubuta, in ka yi kuskure shi zai biya kuɗin motar.

Ba zan ɓoye muku nawa kuskuren ba. Ina sabon ma'aikaci aka miƙo mini wata sanarwa ta haɗarin mota in juya ta Hausa, ana jira. Akwai kalmar Turanci da ke nufin duk wanda haɗari ya rutsa da shi, ko ya mutu ko ya ji rauni. Ni kuwa na ɗauka matattu take nufi, na rubuta cewa dukansu sun rasu, aka karanta. Cikinsu akwai wani magidanci da ke kwance a asibiti da karaya kawai. Kafin gyara ya isa ƙauyensu an riga an shimfiɗa tabarmi, mutane sun fara zuwa gaisuwa. Ba wanda ya kai ni ƙara, ba a ko rage mini albashi ba. Amma ƙanensa ya zo har ofis, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Malam, tsohuwarmu ta kwana biyu ba ta ci abinci ba." Tun daga ranar ban ƙara juya kalmar da nake shakka ba sai na buɗe ƙamus, ko na nemi wanda ya rubuta sanarwar na tambaye shi abin da yake nufi.

Mutuncin mutane

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Saboda haka wanda 'yan sanda suka kama ba ɓarawo ba ne a bakin jarida, wanda ake zargi da sata ne. Kuma in kun ba da labarin kama shi, wajibi ne ku bi shari'ar, ran da aka sallame shi ku faɗa da ƙarfin da kuka faɗi kamun. Sau nawa aka watsa hoton mutum yana tsugune, daga baya kotu ta wanke shi, ba wanda ya ji? Shi ke nan an bar shi da tabo, ya nemi aure a hana shi, ya nemi bashi a kasuwa a juya masa baya. Kafin ku buga zargi a kan kowa, ku neme shi ku ji ta bakinsa. In ya ƙi magana ku rubuta cewa an neme shi ya ƙi. Ku sani kuma ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod ta Arewa tun da ta fara aiki a 1960, dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ita ma an sha gurfanar da masu rubutu a ƙarƙashinta.

Ƙa'idojin aikin jarida da ƙungiyoyin 'yan jarida da editoci da masu gidajen jaridu suka amince da su a Ilori a 1998 sun hana bayyana suna ko hoton yaron da bai kai shekara 16 ba in ya shiga shari'ar fyaɗe ko wani babban laifi, ko shi aka cuta, ko shaida ne, ko shi ake tuhuma. Ni zan ƙara da cewa, ɓoye suna ba ya wadatarwa in ka faɗi unguwa da layi da sana'ar uban. A Bagadaza wa zai kasa gane gidan?

Waɗannan ƙa'idoji sun kuma hana ambaton ƙabila ko addinin mutum ta hanyar wulaƙanci. Wannan ya shafe mu ƙwarai. Jihar nan, tun da aka cire ta daga Bauci ran 1 ga Oktoba 1996, ƙananan hukumomi 11 ne, amma ku dubi yawan harsunan da ke cikinta: Fulani, Tangale, Tera, Waja, Bolawa, Tula, Hausawa da sauransu, Musulmi da Kirista, kasuwa ɗaya, makaranta ɗaya, wani lokaci ma gida ɗaya. In kaka ta yi, shanu suka shiga gona aka yi faɗa, mutum biyu ne suka yi faɗa, kowannensu da sunansa. Ranar da ka rubuta cewa ƙabila kaza ta far wa ƙabila kaza, ka gayyato dubban mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ka gwada cire sunan ƙabilar daga jumlar. In labarin bai ragu da komai ba, to, dama ba wurinsa ba ne.

Kada ku ce ina kambama abu. A watan Nuwamba na 2002 wani rubutu da jaridar ThisDay ta buga game da gasar sarauniyar kyau ta duniya ya taɓa mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Jaridar ta nemi gafara, amma tarzomar da ta tashi a Kaduna ta ci rayuka fiye da 200. Ba abin da ya halatta kisan nan, sai dai kuma da mai tacewa ya tsaya a kan layin nan ya soke shi, da wani zance ake yi. A Ruwanda a 1994 wani gidan rediyo ya riƙa kiran wata ƙabila da sunan kyankyasai yana zuga a kashe su, a 2003 kotun duniya da ke Arusha ta sami wasu jagororinsa da laifin kisan ƙare dangi. A watan Agusta na 2014 kuma, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zaga wayoyin Nijeriya cikin dare wai a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Mutane suka tashi iyalansu da asuba suna ɗura musu, aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasu. Waɗanda suka tura saƙon nan galibinsu da kyakkyawar niyya suka tura. Magana zarar bunu ce.

Ambulan

Yanzu sai batun da ba a son faɗi a bainar jama'a. Ana gama taron manema labarai sai a bi kowa da 'yar ambulan, a ce kuɗin mota ne, ko na goro. Na san halin da ake ciki. Na san akwai wakilan da ke wata da watanni ba albashi, akwai ma waɗanda katin shaida kawai aka ba su aka ce su je su nema. Laifin wannan yana wuyan masu gidajen jaridun da ke yin haka, kuma ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1955, aikinta ne ta tsaya a kai. Amma duk da haka Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya ba ka ambulan yau bai ce ka yi ƙarya ba, ba ya ma bukatar ya faɗa. Ran da labarinsa marar daɗi ya zo hannunka, kai da kanka za ka ji alƙalamin ya yi nauyi. Ƙa'idojin Ilori sun hana nema, sun hana karɓa, ko don a buga labari ko don a danne shi. Mafi muni shi ne wanda zai je wa mutum da labari ya ce in ba a sallame shi ba zai buga. Wannan ba ɗan jarida ba ne, ɗan fashi ne da alƙalami.

Akwai kuma amanar wanda ya ba ka labari a asirce. In ka yi masa alkawarin ba za ka faɗi sunansa ba, to, ko gaban wa aka kai ka ba ka faɗa. Saboda nauyin wannan alkawari, kada ka riƙa yin sa da arha, kuma abin da aka gaya maka a ɓoye sai ka nemi wata hanya ta biyu ka tabbatar da shi kafin ka buga. "Wata majiya mai tushe" ba rumfa ba ce da za a riƙa fakewa a ciki ana jifan mutane.

Tsakaninku da hukuma

Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina in bayyana wa jama'a abin da gwamnati ke yi da dalilinta. Amma ba zan ce muku ku ɗauki sanarwar da ta fito daga ofishina ku buga ido rufe ba. In na ce an gina asibiti, ku je ku gani, ku duba ko akwai likita, ko akwai magani. Sashe na 22 na Tsarin Mulki shi ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati don ta riƙa ba jama'a bayanin abin da ta yi, sashe na 39 kuma ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa.

Wannan 'yanci ba a sama aka tsince shi ba. A 1973 a Fatakwal aka aske wa Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer, kai, aka yi masa bulala, saboda ya ba da labarin koken malaman makaranta, labarin kuma ya fito ranar bikin haihuwar gwamnan soja. Ya kai ƙara, kotu ta sa aka biya shi diyya. A 1984, ƙarƙashin Doka ta 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda saboda labarin naɗin jakadu. An soke dokar a 1985. Ran 19 ga Oktoba 1986 aka kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bom cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa a Legas. Ina kawo waɗannan ne don ku san cewa filin da kuke rubutu a ciki yau wasu sun biya kuɗinsa da fatarsu, bai kamata a ɓarnatar da shi a kan zage-zage da shaci-faɗi ba.

Kuna kuma da makamin da su ba su samu ba. Ran 28 ga Mayu 2011 aka sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai. A ƙarƙashinta kowane ɗan ƙasa, ba ɗan jarida kaɗai ba, yana iya rubuta wa ma'aikatar Gwamnatin Tarayya takarda ya nemi bayani, alal misali nawa aka ba da kwangilar aiki kaza, wa aka ba, nawa aka biya. Ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Doka ta ba ma'aikatar kwana 7 ta amsa, in za ta ƙi ta faɗi hujjarta a rubuce, mai nema kuma yana da ikon zuwa kotu. Ku rubuta takardar a taƙaice, ku faɗi ainihin abin da kuke so, ku yi kwafi biyu, ku sa a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku. Ba kullum za a amsa muku da wuri ba, wannan na sani, amma takarda mai hatimi da aka yi wata guda ba a amsa ba ita ma labari ce, kuma ta fi "an ce" sau dubu.

Saura gyara. Duk mai wannan aiki zai yi kuskure, ni na gaya muku nawa. In ya auku, a gyara da wuri, a wurin da aka yi kuskuren, a faɗi abin da aka rubuta da farko da abin da yake daidai. Kada a yi ɓarna a shafin farko a kai gyara can ƙasan shafi na 14. Masu rubutu a waya kuma, goge saƙo a yi shiru ba gyara ba ne, domin an riga an ɗauki hotonsa an tura gaba. Ka rubuta sabo ka ce na yi kuskure, ka tura shi duk inda ka tura na farko.

Shugaba, iyakar abin da na shirya ke nan. Ga aikin da zan bar wa matasan nan: gobe kowannenku ya je Tudun Hatsi, ya tambayi 'yan kasuwa 3 farashin buhun wake da na masara, ya tambayi na makon jiya, ya rubuto mini labari da bai wuce layi 6 ba, da sunan wanda ya gaya masa in ya yarda a faɗa. Zan duba su ɗaya bayan ɗaya in na dawo. Yanzu kuma wanda ke da tambaya sai ya ɗaga hannu.